Daga Gafaka Zuwa Intanet: Labarin Tsofaffin Takardun Gwandu da Kabi

A watan Mayun 1853 wani Bajamushe ya sauka a Gwandu, yana kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. Sunansa Heinrich Barth, amma duk garin da ya ya da zango Abdulkarim yake cewa a kira shi. Sarkin Gwandu Halilu, ɗan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, bai yarda sun haɗa ido ba. Mutum ne mai gudun duniya, sai ya bar baƙon a hannun fadawa, su kuwa suka yi ta ja-in-ja da shi a kan girman gaisuwar da zai kai wa sarki. Abin da ya wanke wa Abdulkarim takaicin zaman garin shi ne wani littafi da ya samu a hannun wani malami mai suna Buhari, ɗan marigayi Sarkin Gwandu Muhammadu Wani. Tun yana ƙasar Sakkwato wani malami abokinsa ya ba shi labarin littafin, amma bai samu gani ba sai a nan. Kwana uku zuwa huɗu ya yi a duƙe yana kwafar wuraren da ya ga sun fi masa amfani.

Littafin nan shi ne Tarihus Sudan, tarihin Songhai da Tambutu. Abin da Barth ya kwafa ya isa Jamus, aka buga shi a 1855, kuma ta wannan ƙofa ce masanan Turai suka fara sanin jerin sarakunan Songhai dalla-dalla. Sai dai baƙon ya yi tuntuɓe a wuri guda: ya ce Ahmad Baba ne mawallafin. Ahmad Baba ya rasu tun 1627, alhali littafin ya ci gaba da ba da labari har zuwa wajajen 1655. Mai shi na gaskiya Abdurrahman Assa'adi ne, wanda ya ciro dogayen bayanai daga rubutun Ahmad Baba ya sa a cikin nasa, abin da ya ruɗi mai karatun gaggawa. Kuskuren ya yi shekara arba'in da wani abu yana yawo a littattafan Turawa, har sai da Octave Houdas ya buga cikakken matanin Larabcin a Faris a 1898, fassarar Faransanci ta biyo baya a 1900.

Kwana huɗu aka yi ana kwafa, gyaran suna ya ci shekara arba'in. Duk wanda ke sha'awar a ɗauki hoton tsofaffin takardun ƙasar Kebbi a ɗora a intanet, ya kamata ya riƙe wannan lissafi. Kwafa, ko da alƙalami ko da kyamara, ita ce mai sauƙin. Fihirisa, wato a san wane littafi ne wannan, wa ya wallafa shi, wa ya kwafe shi, yaushe, ina farkonsa ina ƙarshensa, a nan gizo ke saƙar.

Masu nazarin fafirus na Masar sun daɗe da gane haka. Fafirus takarda ce da mutanen bakin Nilu suke yi da bargon wani irin iwa, a jera shi a tsaye da kwance, a danne ya bushe. A 1896 wasu matasa biyu daga Jami'ar Oxford, Bernard Grenfell da Arthur Hunt, suka fara tonon juji a Bahnasa, garin da Girkawa ke kira Oxyrhynchus. Kafin 1907 sun kwashi guntayen takardu da aka ƙiyasta sun kai rabin miliyan. Mujalladin farko na abin da aka karanta ya fito a 1898, yau an haura mujalladi 80, amma takardun da aka buga ɗin sun ɗan wuce 5,000 ne kawai. Da aiki ya yi wa masana yawa, a 2011 suka ɗora hotunan guntayen a intanet, suka roƙi jama'ar gari su taya su gane haruffa. Akwai kuma shafin papyri.info, inda aka haɗa matani da fassara da bayanin kowace takarda daga ɗakunan ajiya daban-daban, ta yadda guntun da ke Jamus zai iya gamuwa da ɗan'uwansa da ke Amurka. Wani abin lura shi ne yawancin abin da aka tono ba littattafan manyan malamai ba ne. Rasit ne, da wasiƙa, da takardar haya, da ƙorafin haraji. Ɗaya daga cikin takardun Larabci mafi tsufa masu ɗauke da kwanan wata, wadda ke ajiye a Biyana ta ƙasar Ostiriya, rasit ce ta tumaki 65 da aka ba rundunar Musulmi a Masar a shekara ta 22 bayan hijira, daidai da 643.

Ƙasar Hausa ba ta yi rubutu a kan fafirus ba. Takardarta daga ƙetare take zuwa, a bayan raƙumi, ta Tarabulus da Masar. A ƙarni na 19 wadda ta fi yawa ita ce ta arewacin Italiya, kuma in aka ɗaga ta a rana za a ga tambarin jinjirin wata uku a cikin jikinta. Masana'antar gidan Galvani da ke Pordenone ta yi suna wajen wannan samfuri. Takarda tsada gare ta, shi ya sa ba a barin gefe ya tafi a banza: ɗalibi zai cika shi da sharhi, ya sa fassarar kalma mai wuya da Hausa ko Fulfulde a ƙarƙashin layi, wani lokaci har ya rubuta ranar haihuwar ɗansa ko maganin ciwon ciki. Alƙalamin na kara ne. Tawadar allo ta gawayi da ƙaro ce, mai wankuwa, ta littafi kuwa akan dafa ta da bagaruwa don ta kama. Ba a ɗinke littafi. Warƙoƙi ne a sake, a haɗa su a tadarishi, a ɗaure da igiyar fata, a zura a gafaka. Don kada su rikice, magatakarda yakan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ya gama. Wannan sakin warƙoƙi yana da hikima, domin malami na iya raba littafi guda ga ɗalibai biyar su yi ta kwafa a lokaci ɗaya. Yana kuma da illa: in iska ko yaro ko rabon gado ya watsa su, sai mai ilimi ne zai mayar da kowace gurbinta.

Gwandu ta zama garin takarda tun farkon jihadi. A watan Afrilun 1805 rundunar da Malam Abdullahi ya jagoranta ta ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice, kuma a cikin wannan shekara jama'ar Shehu suka tare a Gwandu. Bayan an raba kula da ƙasa a 1812, yamma ta faɗa hannun Abdullahi, har daga baya umarnin Gwandu ya riƙa kaiwa Nupe da Ilori da Liptako. Ana yaƙi, ana hijira, ana fama da yunwa, amma alƙalamin mutumin nan bai huta ba. Ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano wajajen 1807, lokacin da ransa ya ɓaci da halin wasu 'yan jama'a ya kama hanyar gabas, Kanawa suka tsayar da shi suka nemi ya rubuta musu yadda ake mulki bisa shari'a. Ya tattara waƙoƙinsa da labarin abin da ya sa aka yi su a Tazyinul Waraƙati a 1813. Ya yi babban tafsirinsa, Liya'ut Tawili, ya kuma yi wani taƙaitacce don masu ƙaramin ƙarfi, Kifayatu Lu'afa'is Sudan. A nahawu yana da Baharul Muhiɗ, a sarfu yana da Hisnur Rasin. Ya rasu a 1829, kabarinsa na Gwandu.

Cikin ayyukansa akwai wani ɗan ƙarami da masu fihirisa ke ji da shi, Ida'un Nusukhi. A ciki ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya sauke a gaban kowannensu. Da wannan ɗan littafi ne aka san abin da ke cikin gafakar malaman ƙasar nan kafin jihadi. Mervyn Hiskett ya buga shi da fassarar Ingilishi a 1957, sannan ya buga Tazyinul Waraƙati a Ibadan a 1963. Ashe tun kafin Bature ya zo da katin laburare, Mai Gwandu ya riga ya yi wa karatunsa fihirisa.

To, amma kwarin Rima ba Gwandu kaɗai ke cikinsa ba. Tafiyar da ba ta kai awa guda a mota daga Birnin Kebbi, akwai Argungu, kuma nata labarin ya sha bamban.

Kabawa sun girmi jihadi da kusan shekara ɗari uku. Abin sha'awa, littafin nan da Barth ya samu a Gwandu yana cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka ambaci Kanta, kakan sarakunan Kabi: ya kawo yadda Kanta na Leka ya raka Askiya Muhammadu yaƙin Agadas, aka saɓa a kan rabon ganima, ya ɓalle wajajen 1516, Songhai ta kawo masa yaƙi ba ta yi nasara ba. Wannan ɗan ƙasar Songhai ne ya rubuta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ba da labarin Kanta da birninsa Surame da karonsa da Barno a Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, shekara bakwai da faɗuwar Birnin Kebbi. Wato manyan madogarai biyu na tarihin Kabi na farko, ɗaya daga hannun waɗanda Kanta ya yi wa tawaye ya fito, ɗaya daga hannun waɗanda suka ci birnin jikokinsa. Ba a ce sun yi ƙarya ba, Bello ma ya yaba ƙarfin Kanta ƙwarai. Amma kowa ya san mai alƙalami daga inda yake zaune yake hango fili.

Su Kabawa nasu kundin yana bakin makaɗan fada, da kirarin sarakuna, da jerin sunayen da dattawa ke haddacewa, da ganuwar duwatsun Surame wadda har yau tana tsaye a cikin daji. Yadda Sarkin Kabi Sama'ila Karari ya yi tsayin daka har aka kashe shi a 1831, yadda ɗansa Yakubu Nabame ya zauna a hannun Sakkwato shekara da shekaru sannan ya ɓalle a 1849 ya kafa mulki a Argungu, da zaman sulhun da ake kira Lafiyar Toga, da yaƙe-yaƙen Sarki Sama wanda Turawa suka tarar a kan gado, duk ana ba da su a Argungu da wani ɗanɗano da ba a samu a takardun Gwandu. Cikin waɗanda suka fara zuba wannan ɓangare a takarda da Hausa mai yawa akwai Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano a 1858 a gidan Kabawa, ya yi zaman Salaga, ya ƙare a Kete-Krachi ta ƙasar Gana ta yau, inda ya rasu a 1934. Ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich labaran ƙasar Hausa da ajami, har da na Kabi. Takardun suka tafi Jamus, kuma sai a 1959 Heinz Sölken ya fara buga tarihin Kabin, da Jamusanci. Bakabe ya rubuta tarihin kakanninsa da Hausa a bakin kogin Volta, amma ɗan Argungu da ke son karanta shi sai ya bi sawunsa har Jamus. In wannan ba abin takaici ba ne, to abin dariya ne.

Zuwan Turawan Ingila ya sake motsa takardu. Bayan rikicin Satiru a 1906 aka mayar da mazaunin Sarkin Gwandu Birnin Kebbi, inda yake har yau. Razdan-razdan da Di'o-Di'o suka shiga neman tarihin ƙasar da suke mulka, suna sa malamai su rubuta musu. Manjo Burdon ya tara rubuce-rubucen ajami a Lardin Sakkwato, Frank Edgar ya mayar da su boko ya ƙara da nasa, aka buga mujalladi uku a Belfast tsakanin 1911 da 1913. E. J. Arnett ya fitar da taƙaitacciyar fassarar Infaƙul Maisuri a 1922. Malaman da suka yi ainihin rubutun, da yawansu ko sunansu ba a damu da sawa a bango ba.

Tattarawa ta ilimi sosai sai a shekarun 1950 ta kankama. W. E. N. Kensdale na laburaren Jami'ar Ibadan ya zagaya Arewa yana neman littattafai, ya fitar da fihirisarsu tsakanin 1955 da 1958. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa ya buɗe reshe a Kaduna. Gidan tarihi na Jos ya tara nasa, aka buga fihirisarsa a 1965. A 1964 John Hunwick ya kafa cibiyar adana rubuce-rubucen Larabci a Ibadan, da wata dabara mai kyau: a ari littafi a hannun mai shi, a ɗauke shi a siririn fim, a mayar masa da kayansa. A Zariya, shirin binciken tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, ya yi irin wannan aiki, kuma Smith ɗin ne ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Murray Last ya zauna gaban Wazirin Sakkwato Junaidu yana karanta wasiƙun gidan waziri, daga nan littafinsa na daular Sakkwato ya fito a 1967. A ɗaya gefen, zamanin Sardauna aka kai Liya'ut Tawili Alƙahira aka buga shi a 1961, ya fita daga hannun magatakarda ya shiga kasuwa.

Daga wannan yunƙuri ne kwarin Rima ya samu nazarce-nazarcen da har yau ake komawa gare su. M. B. Alkali ya rubuta kundin digiri na biyu a kan Kabi a ƙarni na 19 a Zariya a 1969, inda ya dogara ƙwarai da abin da ya ji daga bakin dattawa. S. A. Balogun ya yi digirin digirgir a kan masarautun Gwandu a Ibadan a 1970. Abubakar Aliyu Gwandu ya yi nasa a Durham ta Ingila a 1977, a kan Abdullahi a matsayin masanin fiƙihu, kuma wannan kundi yau kowa na iya sauke shi kyauta daga shafin jami'ar.

Sai 1995, aka samu abin da ya fi kama da taswirar dukiyar baki ɗaya: mujalladi na biyu na jerin littattafan da Hunwick ya shirya a kan rubutun Larabci na Afirka, wanda kamfanin Brill ya buga, tare da gudummawar masana irin su Hamidu Bobboyi da Muhammad Sani Umar. Wanda ya buɗe babin Abdullahi zai ga sunan kowane littafi da wuraren da kwafinsa yake: Ibadan, Kaduna, Zariya, Sakkwato, Kano, Jos, Yamai, Faris. Na Faris ɗin ma labari ne. A 1890 Kanar Archinard na Faransa ya ci Segu, ya kwashe laburaren gidan Alhaji Umaru Futi, wanda ya yi shekaru a Sakkwato ya tafi da littattafan shugabannin jihadi. Kayan suka kwanta a babban laburaren Faransa, cikakkiyar fihirisarsu ba ta fito ba sai 1985. Shekara 95 ke nan littafi na ajiye lafiya lau, ba gara ba ruwa, amma kusan kamar babu shi, don ba a san abin da ke ciki ba.

Zamanin kyamarar dijital ya rage wahalar kwafa ƙwarai. Tun 2004 babban laburaren Birtaniya ke gudanar da shirin ceto takardun da ke cikin haɗari, da kuɗin gidauniyar Arcadia. Sharaɗinsa shi ne asalin takarda ba ya barin ƙasarsa, hoto kawai ake ɗauka, a bar kwafi a gida, a ɗora wani a intanet kowa ya gani. A ƙarƙashinsa Mohammed Bashir Salau ya jagoranci ɗaukar takardu a Kano da Kaduna. Jami'ar Boston, ta hannun Fallou Ngom da abokan aikinsa irin su Mustapha Hashim Kurfi na Jami'ar Bayero, ta buɗe laburaren ajami na intanet mai ɗauke da dubban shafuka na Hausa da Fulfulde da Wolof da sauransu. A Jami'ar Northwestern akwai laburaren Malam Umaru Falke, malami ɗan kasuwa na Kano da ya rasu a 1962, mai ɗauke da abubuwa sama da 3,000, kuma bayanansu na cikin rumbun fihirisar rubuce-rubucen Afirka ta Yamma da Charles Stewart ya fara haɗawa tun shekarun 1980. Abin da ya faru a Tambutu ya ƙara zaburar da duniya: a Janairun 2013 'yan bindiga suka ƙone kimanin littattafai 4,000 a cibiyar Ahmad Baba, bayan iyalai sun riga sun sulale da dubban ɗaruruwa zuwa Bamako a ɓoye. A 2022 Google ya ɗora shafuka sama da 40,000 daga cikinsu.

Wanda ya duba jerin nan da idon ɗan Kebbi zai ga abu guda. Kano na ciki, Kaduna na ciki, Tambutu na ciki. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke son ganin kwafin hannu na littafin Mai Gwandu, mafi sauƙin hanyarsa ita ce ya hau mota zuwa Sakkwato, ko dai gidan tarihi na Waziri Junaidu ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda babban laburarenta ma sunan Abdullahi yake ɗauke da shi. In bai samu ba, sai Kaduna ko Zariya. Jihar Kebbi an ƙirƙiro ta ne ranar 27 ga Agustan 1991, lokacin da manyan wuraren ajiya sun riga sun kafu a wasu garuruwa, kuma takardun mulkin lardi sun daɗe da tafiya can.

Sai dai abin da aka kwasa a shekarun 1960 yawanci manyan littattafai ne na sanannun malamai, domin su masu bincike ke nema a lokacin. Darasin rasit ɗin tumaki 65 bai iso ba tukuna. Wasiƙar da hakimi ya aika wa sarki, takardar rabon gado, hukuncin alƙali a kan rikicin fadama tsakanin manomin shinkafa da makiyayi, lissafin bashin fatake masu zuwa Gwanja ta Jega, waƙar wa'azi da ajami da wata inna ta koyar da 'yan mata a cikin gida, laƙanin masunta, irin waɗannan su ne ke nuna yadda talaka ya rayu, kuma su ne aka fi rainawa. Suna cikin adaka a ɗakin tsohuwa, ko a saman azara a zauren malam. Maƙiyansu sanannu ne: gara, ɓera, ɗigon soro da damina, gobarar hunturu, da ambaliya irin ta 2020 wadda ta shafe gonaki da gidaje a kwarin nan. Akwai kuma maƙiyi mai ƙafa biyu, wato magajin da bai iya karanta warash ba, ya ga tarkace ne, ko dillalin da zai saye kundi a kuɗin cefane ya fitar da shi ƙasar waje.

Masu kundin ma suna da hujjar ƙin buɗe adaka. An sha karɓar littafi aro da sunan bincike, ko da sunan hukuma, bai dawo ba. Wasu takardun kuma sirrin gida ne: asirai, ko nasaba, ko shaidar mallakar gona da in ta fita za ta ta da tsohuwar husuma. Duk shirin da bai fara da zama da mai kaya ba, a gaishe shi da girmamawa, a ɗauki hoton a gabansa a cikin zaurensa, a bar masa kwafi, a kuma yarda in ya ce wannan warƙa ba ta shiga intanet, to a bakin ƙofa zai tsaya. A ƙasar da sarauta ke da daraja, kalma guda daga fadar Abdullahi Fodiyo a Birnin Kebbi ko daga fadar Sarkin Kabi a Argungu ta fi takardar ma'aikata goma buɗe ƙofa.

Kayan aikin ba su da yawa: kyamara mai kyau a kan maɗauki, fitila marar zafi, ma'auni da katin launi a gefen kowace warƙa, kwamfuta, faifan ajiya biyu ko uku a wurare daban-daban, da sola saboda halin wutarmu. Yaro mai natsuwa zai koya cikin mako guda. Wanda ba a samu cikin mako guda shi ne mai fihirisa. Ana bukatar wanda ya iya karanta hannun magatakardan da, ya san fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo guda a sama, ya bambance Larabci da Fulfulde da Hausa da Zabarmanci in an rubuta su da haruffa iri ɗaya, ya ga baiti biyu ya gane daga wane littafi suka fito ko da bangon farko ya ɓata, ya karanta shekarar da aka ɓoye a cikin haruffan ramzi. Irin waɗannan mutane suna nan a makarantun zaure na Gwandu da Jega da Argungu da Birnin Kebbi, amma galibinsu sun manyanta, kuma ba su da takardar shaidar da jami'a ke nema kafin ta ɗauki mutum aiki. Kwamfuta har yanzu ba ta iya karanta wannan hannu yadda za a dogara da ita ba. Ko buga ajamin Hausa a na'ura bai daɗe da daidaita ba: sai a 2016 da 2020 aka shigar da wasu haruffan warash da na Hausa cikin tsarin Unicode, ƙungiyar SIL kuma ta fitar da salon rubutu mai suna Alkalami wanda ya kwaikwayi hannun Kano.

Kada kuma a ɗauka abin da ya hau intanet ya tsira ke nan. A watan Oktoban 2023 'yan kutse suka afka wa babban laburaren Birtaniya, shafukansa suka yi watanni a rufe, masu bincike a duniya suka yi cirko-cirko. Fim ɗin da aka ɗauka a shekarun 1960 ma yana lalacewa in zafi da laima suka yi masa yawa, na'urar karanta shi kuma ta zama abin nema. Takardar Galvani da tawadar bagaruwa sun yi shekara ɗari biyu a cikin gafaka. Babu faifan kwamfutar da ya taɓa yin rabin haka. Hoto abokin takarda ne, ba magajinta ba, don haka akwatin kwali marar asid da ɗaki mai iska suna cikin aikin.

Argungu tana da abin da za a ɗora a kai. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi ta zama Gidan Tarihi na Kanta tun 1958, da makamai da tambura da kayan su da kaburburan sarakuna a ciki. Bikin kamun kifi na Matan Fada, wanda aka faro a 1934 don tarbar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016. Duk wanda zai yi wa kwarin nan rumbun tarihi na intanet, in ya tsaya a kan takarda kaɗai, Gwandu za ta yi magana Argungu ta yi shiru, kamar yadda aka yi a ƙarni na 19. Sai an haɗa da rikoda: muryar makaɗan fada, kirarin Kanta, bayanin Sarkin Ruwa da Homa a kan gulbi, kowanne da sunan mai faɗa da garinsu da ranar da aka ɗauka, domin murya ma in ba ta da fihirisa hayaniya ce.

Mai karatu da ke da adakar kakansa a gida ba sai ya jira gwamnati ko Turawa ba. Ya fitar da ita daga jikin bango, ya ɗora a kan abin da gara ba ta hawa, kada ya liƙe yagaggen wuri da salatif, kada ya jera warƙoƙin bisa zato. Ya nemi malamin unguwa mai karanta warash su zauna tare, a rubuta sunan kowane littafi, da layinsa na farko da na ƙarshe, da yawan warƙoƙinsa, da sunan magatakarda in ya sa, a cikin littafin rubutu na 'yan makaranta. In an gama wannan, sai a ɗauko waya a fara ɗaukar hoto.